Sahrawi Takwas da Suka Dawo daga Yanbu

Jiya da la'asar ina durƙushe gaban wani tsohon sahrawi, injin sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, a ƙofar warsha, wato shagon aikina, sai na ji Faisal, ɗan ƙanwata, yana gaya muku, ku abokansa, da Larabci wai aikin kawunsa ba wani aiki ba ne. Wai akwatin ƙarfe ne da fanka da ɗan ruwa a ƙasa, kowa ya kalli waya minti biyar zai gyara. Kuka yi dariya, na ji ku sarai. Ban tanka ba don hannuna na cikin injin. To yau ga ku zaune, shayi ya iso, sai ku ba ni kunnuwanku. Ku amsa da Larabci in kun ga dama, na san Hausar tana shiga kunne ko da ba ta fita baki.

Ni Sale, a nan Harra ta Yamma aka haife ni. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano ya zo hajji, bai koma ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina hawa rufin gidajen Madina da jakar kayan aiki a kafaɗa, kuma har yau in na kunna mukayyif sahrawi da na gama gyarawa, iskar farko ta bugi fuskata, sai na ji kamar ranar na fara.

Faisal bai yi ƙarya duka ba, akwati ne. Gefensa uku raga ce cike da gash, wato sassaƙen itace siri-siri kamar taliya. A ƙasa akwai faranti mai riƙe ruwa. Ƙaramin famfo yana tura ruwan sama, ya gangaro ya jiƙa gash ɗin. Fanka kuma ta jawo iskar waje, ta ratsa ta cikin jiƙaƙƙen gash, ta faɗa ɗaki. Shi ke nan, ba gas, ba komai. Sanyin gaba ɗaya daga abu guda yake fitowa, ruwan da ya bar gash ya bi iska. Duk ɗigon da ya tashi, da zafi yake tashi. In ruwan yana tashi da sauri, sai ka nemi bargo a tsakiyar bazara. In ya yi nawa, sai ka zauna kana sharce gumi, fanka tana ta ƙara a banza. Wanda bai san abin da ke sa ruwa ya yi sauri ko ya yi nawa ba, ko ya haddace sunan kowace ƙusa a jikin injin, bai fara sana'ar nan ba.

Ranar da aka kai ni wurin Mu'allim Isa ina da shekara goma sha tara. Mutumin Damagaram ne, gajere, mai kaurin hannu, maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. Warsharsa tana kusa da Ƙuba, bayan wani tsohon lambun dabino. Na zo da zumuɗi ina jiran a miƙo mini sifana. Sai ya ɗauko wani tsohon harami da alhaji ya bari, ya yage shi gida huɗu, ya tsoma a bokiti, ya matse su daidai wa daida. Ɗaya ya dunƙule ya ajiye a inuwa. Ɗaya ya shimfiɗa a inuwa. Ɗaya ya shimfiɗa a kan motarsa da ke cikin rana. Na ƙarshe ya rataye shi a gaban fanka cikin warsha.

Ya ce, "Aikinka na yau ke nan. Ka dinga taɓa su."

Na ce, "Mu'allim, ai na rana ne zai riga bushewa, wannan ko yaro ya sani."

Ya ce, "Na ce ka faɗa mini ne? Cewa na yi ka taɓa."

Na yi ta zagaye ina taɓawa kamar mahaukaci. Na kan mota ya riga bushewa, yadda na ce. Amma tun yana da danshi, in na ɗora hannu, ɗumi nake ji. Na gaban fanka ya biyo shi ba da jimawa ba, shi kuwa da na kama shi sai da na ja hannu, sanyi kamar daga firji aka fito da shi. Na shimfiɗe a inuwa ya ɗauki lokacinsa. Dunƙulallen nan kuwa har aka kira magariba in ka matse shi ruwa na ɗiga.

Da za mu rufe sai ya ce, "Rana tana busarwa, amma zafinta take zuba wa ƙyalle. Iska tana busarwa, ita kuwa zafin ƙyallen take kwashewa. Mu ta iska muke nema." Ya shuri dunƙulallen da ƙafa. "Wannan kuma iska ba ta sha ba don ba ta taɓa cikinsa ba. Shi ya sa ake yanka gash siri-siri, ruwa ya bazu, iska ta same shi ta ko'ina."

Wata huɗu na yi ban taɓa wayar lantarki ko injin da ke juya fanka ba, cusa gash kawai. Kuna ganin abu ne mai sauƙi? In ka danne shi da yawa, iska ba ta samun hanya. In ka sassauta, sai ya bar ƙofa, iskar zafi ta wuce ta nan ba ta taɓa ruwa ba. Mu'allim yakan ɗaga ragar da na cika ya kara ta da rana. In ya ga haske ya fito ta wuri ɗaya fiye da sauran, sai ya zazzage ta ƙasa ya miƙo mini. Akwai ragar da na cika sau bakwai a yini ɗaya. Bayan nan ne ya haɗa mini jaka: sifana biyu, filaya, burushin waya, basillar ɗinkin buhu ta zungure ramukan da ruwa ke zubowa, da kwalbar ruwan hal, ruwan tsamin nan na narkar da gishiri. Basillar nan tana nan a jakata har yau, ta lanƙwashe amma ba ni da kamarta.

Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai, gidan Hala Dije ne a Ƙiblatain. Hala a nan inna ake nufi. Tsohuwa ce ƙawar kakata, mai sayar da yaji da kuka da daddawa ga mutanenmu. Ta aiko cewa sahrawinta ya mutu. Na hau rufi, na duba famfo yana aiki, gash jiƙe sharkaf, bel lafiya lau. Na ɗora hannu a bakin bututu, iska mai sanyi. Na sauko na ce Hala an gyara, alhali ban gyara komai ba. Washegari ta sake aikowa. Na canza famfo. Rana ta uku ta zo warsha da kanta, a cikin tasi, da sandarta.

Ta ce, "Isa, wane irin ɗa ka turo mini? Ɗakina ya zama tukunyar dambu. Daddawata duk ta yi laushi, kukata ta dunƙule, ni kaina na kusa nuna."

Mu'allim ya dube ni ya ce, "Ka shiga ɗakin?"

Na ce, "Injin yana kan rufi, Mu'allim."

Ya ce, "Koma ka shiga ɗakin."

Muka koma tare da ita a tasin, tana yi mini faɗa tun daga Ƙuba har Ƙiblatain. Tana buɗe ƙofar ɗakin, wani tururi ya mare ni. Madubi ya yi hazo, bango yana naso. Na duba taga, an rufe ta ruf, an liƙe gefenta da tsumma. Ƙarƙashin ƙofa an cusa tsohon zane. Har ɗan ramin da ke saman bango an toshe da kwali.

Na ce, "Hala, wa ya toshe waɗannan?"

Ta ce, "Ni mana, ya waladi. Jikana ya ce a gidan ubangidansa haka ake yi, a rufe ko'ina kada sanyi ya gudu."

Na ce, "Wancan mukayyif na gas ne, Hala. Wannan sai an buɗe masa."

Ta ce, "In buɗe taga a wannan zafin? Kai, ka ji tsoron Allah."

Ban tsaya gardama ba, na fizge tsumman, na tura tagar kamar faɗin tafin hannu. Wallahi kamar ɗakin ya yi ajiyar zuciya. Labule ya tashi ya nufi waje. Kafin ta gama zagina madubi ya washe. Ta zauna bakin gado, ta ɗaga hannu tana jin iska. Can ta ce, "La haula. Kai, miƙo mini mayafina, sanyi nake ji."

Na dawo warsha da gudu kamar wanda ya tsinci zinariya. Mu'allim ya ce iska kamar soso take, tana da iyakar abin da za ta iya sha. In ka tsare ta a ɗaki ta sha ta ƙoshi, ko tafki ka kawo mata ba za ta ƙara ɗigo ba. Dole wadda ta ƙoshi ta fita, mai ƙishirwa ta shigo. Ya ƙara da cewa shi ya sa in an yi ruwan sama a Madina, kwana biyu mutane suna kira wai injinsu ya lalace, alhali garin ne ya jiƙe. Na gyaɗa kai. Na ɗauka na gane.

Wani aiki da ba na mantawa, majalisin wani mai lambu ne a Ƙuba, wato ɗakin baƙinsa, wanda yake ba sahrawinsa ruwan rijiya. Muka buɗe, gash ya yi fari fat, ya ƙandare kamar an zuba masa siminti. Ruwa yana gangarowa ta layi biyu kawai, sauran duk a bushe. Mu'allim ya tsoma yatsa a farantin ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce mini, "Ɗanɗana." Na ɗanɗana, kamar na lashi kanwa. Ruwa yana bin iska, amma gishirin da ke cikinsa ba ya binsa, nan yake zama yana taruwa kullum. Ya toshe ramuka, ya rufe gash, ya ci ƙarfe. Muka yini da burushi da basilla da ruwan hal, hannuwana suka tsattsage. Tun ranar duk wanda na ɗaura wa sahrawi sai na nuna masa inda zai buɗe ya zubar da tsohon ruwa duk mako. Rabinsu ba sa yi, shi ya sa har yanzu nake cin abinci.

Shekara tara na yi a ƙarƙashin Mu'allim Isa kafin na buɗe tawa warshar a nan unguwa. Aiki ya karɓe ni. Daga farkon bazara har ƙarshenta ba na zama, kafin hantsi na hau rufi huɗu. Aka fara cewa a kira Sale, hannunsa yana da sanyi. Kaina ya fara girma, ba zan ɓoye muku ba.

A cikin wannan hali wani ɗan kasuwa na nan Madina ya same ni. Ya buɗe babbar warshar kafintoci a Yanbu, bakin teku, ana yin ƙofofi da kujeru. Ma'aikata suna kuka da zafi. Ya ce sahrawi takwas yake so, manya, irin wanda na ɗaura masa a gidansa. Aiki mafi girma da aka taɓa ba ni ke nan. Na haɗa su da hannuna, na yi musu fenti, na loda a mota. Da zan tafi na biya na gaya wa Mu'allim.

Ya ce, "Yanbu?"

Na ce, "Yanbu, Mu'allim."

Ya ce, "Kafin ka kafa ƙusa ɗaya, ka jiƙa ƙyalle ka rataye a inuwa, ka taɓa."

Na ce to. Amma a raina na ce zafi ai zafi ne, na Madina ma mun iya da shi, balle na bakin ruwa.

Kwana uku muna ɗaurawa. Wani tsohon kafinta ɗan Yaman yana ta kallona yana girgiza kai, ban kula shi ba. Rana ta huɗu na tara ma'aikata, na kunna duka takwas a lokaci ɗaya, na tsaya a tsakiya ina jiran tafi. Iska ta fito da ƙarfinta, amma ɗumi-ɗumi, mai danƙo, kamar numfashin saniya. Na ce a ba su lokaci. Na ƙara ruwa. Na canza bel don fanka ta ƙara gudu. Na buɗe duk ƙofofi, tunda darasin Hala Dije yana kaina. Ba abin da ya canza. Na duba farantan, ruwan da na zuba da safe yana nan har la'asar, da ƙyar ya ragu. A Madina da tuni an sake cikawa.

Kafin mako ya cika, ɓarna ta fito fili. Katako ya kumbura, ƙofofin da aka auna suka ƙi shiga gurbinsu. Gam ya ƙi kamawa. Fentin ƙyalli da suka fesa wa kujeru ya yi fari-fari kamar hazo. Zarto ya fara tsatsa. Wata safiya na je ɗaukar singiletina da na wanke tun la'asar ɗin jiya na shanya a waje, na same ta da danshi. A rufin gidanmu na Harra, kafin ka gama shan shayi ta bushe ƙayau. Na tsaya riƙe da ita, sai ga tsohon kafintan nan. Ya taɓa ta, ya nuna teku da haɓa, ya ce, "Iskarmu daga can take zuwa a ƙoshe, ya ustaz. Me za ka ba ta?"

Da hannuna na kwance su duka takwas, na mayar da su mota. Ɗan kasuwar bai ɗaga murya ba, abin da ya fi zagi ciwo. Kafin na iso Madina labari ya riga ni. Aka daina cewa hannuna yana da sanyi, aka koma cewa Sale mai dafa kafintoci. Shekarar ce kuma mukayyif na gas mai raba biyu, rabi a ɗaki rabi a waje, ya cika kasuwa, kowa yana cire sahrawi daga rufi yana sayar wa masu gwangwan. Abokan sana'ata biyu a layinmu suka rufe, ɗaya ya koma tuƙin tasi. Ni na koma gyaran tankin ruwa da famfon banɗaki, duk abin da ya samu. Sahrawi takwas na jibge a bayan warsha, na rufe su da tamfol don kada in dinga ganinsu. Da na je gaida Mu'allim, tambaya ɗaya ya yi mini.

"Ka jiƙa ƙyallen?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To." Ya zuba mini shayi.

Bazara ta zagayo. Wata ranar Talata aka tashi da samum, iskar nan mai zafi da in ta buge ka kamar an buɗe murhun burodi. Da hantsi wayata ta yi ƙara. Lawali ne, mutumin Maraɗi, muna haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. Yana kula da wata gonar kaji a bayan gari, can gaba da Ƙuba, iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, a hannun mai gonar take.

Ya ce, "Alhaji Sale, ka taimake ni don Allah. Injin sanyaya rumfar kaji ya ƙone tun asuba. Masu gyara sun ce sai jibi. Maigida ya yi tafiya. Kaji suna faɗuwa ina kallo. In ya dawo ya tarar da rumfa babu komai, sai dai in ga tikitin gida."

Na ce, "Akwai janareto?"

Ya ce, "Akwai ƙarami, ba zai ja mukayyif na gas ba."

Na ce, "Ba na gas zan kawo ba. Ka tanadi bulo da tiyo."

Na yaye tamfol ɗin nan. Ƙura ta tashi, ga su nan takwas suna kallona. Na kira maƙwabcina mai babbar mota, muka loda su, na biya kasuwa na ɗauki damin sabon gash. A bayan mota na zauna, motar na gudu, samum na dukana, ina cusa gash a raga ina karawa da rana. Raga ashirin da huɗu, ban taɓa cikawa da sauri irin na ranar ba.

Muna isa na tura ƙofar rumfar, sai na ja da baya. Wari, zafi, da wani danshi mai nauyi da na sani sarai. Lawali da abokan aikinsa biyu sun sauke labulen gefe duka, sun ɗaure, don kada samum ya shiga. Sannan sun ja tiyo suna ta malala ruwa a ƙasa tun safe. Kaji dubbai kwance, fukafukai a buɗe, baki a hangame, maƙogwaro yana bugawa. Ba ka jin kukan ko ɗaya, sai huci.

Na ce, "Lawali, ka kawo Yanbu cikin Madina! Kashe tiyon nan!"

Ya ce, "Alhaji, ruwan ne ke riƙe da su."

Na ce, "Ruwan ne ke kashe su. Kaza ba ta gumi. Hakin nan da take yi, ruwan maƙogwaronta take ba iska don ta huce. Kun cika iskar da ruwa, ba ta karɓar nata. Ku ɗage labulen can ƙarshe, duka! Ku kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗar nan ku fitar!"

Ya riƙe mini hannu. "Iskar waje wuta ce, Alhaji. In ta shigo ta gama da su."

Na ce, "Wutar nan nake so! Ba ɗigon ruwa a cikinta. Za mu tare ta a ƙofa mu ba ta ta sha, ka ga abin da za ta zama."

Ya dube ni, ya dubi kajin. Sai ya saki hannuna ya ruga ya fara kwance igiya.

Muka jera bulo a gefen da iskar ke bugowa, muka ɗora sahrawi ɗaya bayan ɗaya, bakinsu a cikin rumfa, muka toshe tsakaninsu da buhuna don kada iskar zafi ta sulale ta gefe. Direban motar ma ya tuɓe riga ya kama. Ina haɗa waya gumi yana shiga idona, ƙarfen yana ƙona yatsa. Na cika farantai, na bar famfo su jiƙa gash tukuna, sannan na ce wa Lawali, "Tayar da janareto."

Na farko ya tashi, na biyu, har na takwas. Na zagaya ciki na tsaya a gaban na farko. Jama'a! Iskar da ta fito kamar ta asubar hunturu. Injinan nan da suka kunyata ni a bakin teku, ga su suna aman sanyi. Na leƙa farantin, ruwa yana sauka ina gani da idona, samum yana shanye shi kamar raƙumi. Na yi ihu, "Lawali, kawo tiyon nan, nan ne wurinsa! Kada ka bar ko ɗaya ya ƙafe!" Ya dinga gudu daga wannan zuwa wancan yana cikawa, yana zuwa na takwas na farko ya sake nema. Ni kuwa dariya nake yi, don duk ruwan da ya ɓace daga farantin nan, zafi ne ya fita daga rumfa.

Iskar ta ratsa rumfar daga wannan gefe ta fice ta wancan, ta tafi da warin da danshin. Muka tsaya muna kallo. Kajin suna nan kwance. Lawali ya ce a hankali, "Ko mun makara?" Na sunkuya ina duba na kusa da ni.

Sai wata kaza kusa da ƙafata ta rufe baki. Ta naɗe fukafukai. Ta miƙe tana tangaɗi, ta taka zuwa mazubin ruwa, ta tsoma baki, ta ɗaga kai sama. Ta kusa da ita ta tashi. Sai layi guda. Kafin a kira azahar rumfar nan ta rikice da kuka da ƙoto, har ba ka jin janareto. Lawali ya durƙusa a cikin kashin kaji yana kabbara, direba yana tafi, ɗaya ma'aikacin ya rungume sahrawi na uku kamar ɗan'uwansa. An yi asara, mun fitar da matattu a baro, ba zan ce ba a yi ba. Amma mafi yawansu sun tashi.

Da mai gonar ya dawo ya ga abin da aka yi, ya ce kada a cire ko ɗaya, ko bayan an gyara babban injin. Lawali yana nan a gonar har yau, shi ne babba a can. Shi mai gonar ya haɗa ni da masu garken tumaki, su suka haɗa ni da masu gidan burodi da masu warshar ƙira da masu wuraren hutawa na bayan gari. Duk inda ba a iya rufe ƙofa, na gas ba ya aiki, sai namu. Nan sana'ar ta koma, nan nake har yanzu.

Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko, na ɗauki Mu'allim Isa a mota na kai shi gonar. Lokacin ya tsufa, da sanda yake tafiya, ya daina hawa rufi. Muna isa ya sauka. Ya bi layin injinan a hankali, yana ɗora tafin hannu a gaban kowanne. Na ɗaya, ya wuce. Na biyu, ya wuce. A na shida ya tsaya. Ya zagaya baya, ya sunkuya, ya shafa gash na hagu.

Ya ce, "Wannan ya karkace. Rabin gash ɗin a bushe yake."

Na durƙusa na duba. Gaskiya ne, bulon ya nutse a ƙasa ta gefe ɗaya, ruwa duk ya koma dama. Kwana uku ina zagaya injinan nan ban gani ba.

Ya ce wa Lawali ya samo masa fasasshen tayil. Aka kawo. Ya jingine sandarsa a bango, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Tun ranar da aka kai ni wurinsa bai taɓa kirana da komai ba sai "kai". Ya riƙe tayil ɗin a bakin bulo, bai ko ɗago ya dube ni ba.

Ya ce, "Ɗaga mini nan, Mu'allim Sale."

Na ɗaga. Ya tura tayil ɗin, na sauke. Muka zuba ido, ruwa ya fara gangarowa ta hagu, busasshen gash yana yin duhu daga sama har ƙasa. Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya miƙo mini hannu in tashe shi.

Ya ce, "Yalla, mayar da ni gida, kada la'asar ta same mu a hanya."